Abarshi Mai Igiya da Ɗansa na Fari

A Bomo in ka ce Abarshi za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Abarshi mai igiya, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan. Gajere ne kakkaura mai faɗin ƙirji, ruwa ya cinye masa jin kunnen hagu, shi ya sa in yana yi maka magana sai ka ce da mutumin hayin rafi yake. An san shi da cewa ba wanda ya taɓa shiga ruwa daga jirginsa ba tare da ya riƙe masa hannu ya kira sunansa ba. An kuma san yana da ɗan fari, Zailani, wanda tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta sunan nan ba. Shekara da shekaru abubuwan nan ba su ci karo ba, sai da yaron ya girma ya ce shi ma ruwa zai shiga.

Sana'ar rijiya Abarshi ya gada, haƙa da yasa. In guga ya tsinke ƙugiya ta gaza, shi ake aika wa. In akuya ta faɗa, shi ne. Ya ciro yara ma, wasu da rai, wasu kuwa ba ya son a tuna masa. A wurin ubansa ya koyi cewa ƙasan rijiya na da wata muguwar iska mara wari, wadda kan sa mutum ya yi laushi yana murmushi har ya sulale. Maganinta a wurin masu yasa shi ne na sama ya riƙa kiran na ƙasa da sunansa na yanka. Mutumin da hankalinsa ya fara gushewa ba ya amsa "kai" ko "malam", amma sunan da aka raɗa masa yakan ratsa shi. In amsar ta yi nauyi, a jawo shi, ko yana zagi.

Shekarar da aka canza hannun tuƙi Nwankwo ya dawo Sabon Gari. Haifaffen nan ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Yaƙi ne ya kore shi Kudu, bayan an ajiye makamai ya yi aikin nutso a tashar jiragen ruwa, sannan ya tattaro ya dawo ya buɗe kantin kayan famfo a unguwar PZ. Cikin kayan da ya zo da su har da wasu tulunan ƙarfe da ake ɗura wa iska a goya a baya, da tiyon da ake sa wa a baki, da tabarau mai rufe hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da ɗan injin da ke ɗura iskar. Ya lura Turawa da Indiyawan jami'a ba su da abin yi ranar Lahadi sai hamma, ga kuma tafkin bayan Bomo in damina ta zauna yakan yi zurfin da zai shanye gidan bene. Ya sa aka ƙera masa jirgin katako mai faɗin ciki, saura mai riƙe igiya. Da ya yi cigiya aka kai shi wani gida a Samaru, ya leƙa rijiya ya yi sallama, Abarshi ya amsa daga ƙasa. A haka suka yi cinikin, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

To me ake gani a ƙasan tafkin? Oho! Laka, kututturan itatuwa, sai tarwaɗa mai gemu da ke kallonka tana mamakin abin da ya kawo ka. Ruwan ma kamar farau-farau yake. Amma mutane suka yi ta zuwa, Turawa da farko, sannan ɗalibai, sannan ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar Sabon Gari, kowa yana son ya koma ya ce ya yi numfashi a ƙarƙashin ruwa. A ransa Abarshi yana ganin ƙoshi ne ya yi musu yawa, amma bai taɓa bari fuskarsa ta nuna ba. Shi a wurinsa wanda ya taka jirgin nan baƙonsa ne. Ya shimfiɗa tabarma a ciki, ya kafa 'yar rumfar zana don rana, ya tanadi ƙwarya mai murfi inda ake zuba agoguna da zobba, ga fulas na shayi mai citta da bargo don wanda ya fito yana kaɗuwar haƙori. Matarsa Bilkisu ta kafa tanda a bakin ruwa tana waina. Wanda ya yi amai a jirgi, Abarshi zai wanke yana ba shi labarin wani Bature da ya fi shi yi.

Sai dai duk wannan tarairayar tana da iyaka, iyakar kuwa igiya ce. Da sassafe kafin a tura jirgi zai sa tiyon kowane tulu a bakinsa ya zuƙa, in ya ji ƙaurin man inji a iskar, tulun ya koma PZ, Nwankwo ya yi ta ƙunƙuni. In an kai tsakiya, Nwankwo ne ke sauka tare da baƙo, Abarshi yana sama da igiya. Kafin nan zai zaunar da mutum a gabansa gwiwa da gwiwa, ya kama hannuwansa biyu, ya dube shi cikin ido, ya kira sunansa, ya tambaye shi ko ya karya, ko ya sha giya, ko yana mura, ko zuciyarsa ta yarda. Shi zai ɗaura igiyar a ƙugun mutum da hannunsa. In mutum ya ɓullo, zai kira sunan, sai an amsa masa sarai kafin ya miƙa hannu. Farfesa ne kai ko ɗan kamasho, haka za a yi maka. Wani ɗan kwangila da ya zo yana warin barasa ya nemi ya nuna masa shi wane ne, Abarshi ya juya jirgi ya mai da shi tudu, ya sa aka ba shi waina kyauta.

Abin da ya fi saye zukatan mutane shi ne yadda yake yi da matsorata. Akwai wani Adewale, akawu a reluwe, da ya zo da budurwarsa Rhoda yana ta cika baki tun daga kan hanya. Da Abarshi ya kama hannuwansa ya ji su sanyi ƙalau suna ɓari, sai ya jawo tiyon ya sake zuƙa, ya yamutsa fuska, ya ce iskar nan ba ta yi masa ba, yau ba mai shiga da tulun nan. Nwankwo ya buɗe baki zai yi musu, Abarshi ya take masa ƙafa. Kai, ka ga faɗa wurin Adewale! Ya ce an ɓata masa Lahadi, ya ce zai kai ƙara, ya ci waina ya ƙoshi, ya koma gida da mutuncinsa. Da yawa an rufa musu asiri a haka. A hankali dai 'yan gari da masu yawan zuwa suka gane: in Abarshi ya sake ɗanɗana iska a tsakiyar ruwa, ba tulun ne da laifi ba.

Shi kuwa Zailani, tun da aka yaye shi aka kai shi Dogarawa gidan Hamza, wan Abarshi, mai sayar da hatsi. Haka ake yi, ɗan fari ba na iyayensa ba ne. In zancensa ya kama, Abarshi "na wajen Yaya" yake cewa, Bilkisu kuma "wancan". In ya zo gaisuwar Salla zai durƙusa daga bakin ƙofa, uban ya kau da kai yana amsa wa bango. Kada ka ce rashin so ne, wallahi son ne ya yi yawa. Ranar da yaron ya gama makarantar koyon sana'a, Abarshi bai je ba, amma an gan shi a bayan wata bishiyar mangwaro yana leƙe har aka watse. Ya san ranar da aka ɗauke shi walda a reluwe, ya san launin kekensa, ya san ba ya cin kuɓewa.

A kantin Nwankwo Zailani ya ji cewa ana neman masu walda a ƙarƙashin ruwa a tashar jiragen ruwa ta Legas, aiki ne na a zo a gani, amma ba a ɗaukar wanda bai taɓa nutso da tulu ba. Abin ya shiga ransa. Nwankwo ya yi ta koya masa kayan a bayan kanti, yana murna, yana ganin zai ba abokinsa mamaki. Mutumin nan ya iya Hausa har da salon magana, amma lissafin ɗan fari ya ƙwace masa. Wata ranar Lahadi bayan Sallar layya Abarshi ya ɗago daga kwance jirgi, sai ga na wajen Yaya a kan tabarmarsa tare da abokansa na reluwe.

Ya tuƙa jirgin zuwa tsakiya bai san yadda aka yi ya kai ba. Ya sallami abokan ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, aka shiga aka fito. Da layi ya zo kan Zailani, saurayin ya matso ya zauna a gabansa ya miƙo hannuwa, kansa a ƙasa. Abarshi ya dubi hannuwan nan masu tabon wutar walda. Ya riƙe ɗansa na fari gaban jama'a, ya zuba masa ido, ya ƙwala sunansa? Nwankwo ya gane, ya raɗa masa cewa shi zai yi tambayoyin. Amma Nwankwo ƙasa zai tafi, wa zai yi kira in yaron ya ɓullo? Sakin mutum cikin ruwa ba kira kuwa, ko a mafarki Abarshi ba zai yi ba. Cikin ruɗewa ya yi abin da hannunsa ya saba: ya jawo tiyon ya zuƙa, ya ce iskar nan ba ta yi ba.

Wani cikin abokan ya ƙunshe dariya. Zailani ya sauke tulun ya ajiye a hankali, ya koma ƙarshen jirgin ya ba kowa baya. Tun kafin a kai tudu Abarshi ya san ɓarnar da ya yi. Ya so ya tsare kunya, sai ya yi wa ɗansa tambarin matsoraci a gaban abokan aikinsa, kuma kowa ya ce ai ubansa ne da kansa ya gani.

Ranar Laraba da la'asar Nwankwo ya zo Bomo a kan babur, fuska ba annuri. Ya ce tsiyar da ake yi wa Zailani a wurin aiki ta kai shi bango, ya rantse Lahadi mai zuwa zai yi nutso a tsohon ramin fasa dutse da ke bayan Dogarawa, abokansa su shaida. Shi Nwankwo ya hana shi hayar kayan nutso, amma akwai tulu guda a hannunsa da ya karɓa zai gyara wa maɗauri, kuma cike yake da iska. Abarshi ya san ramin nan. Ruwansa sanyi kamar ƙanƙara, ƙasansa duk tsoffin ƙarafa da wayoyi, kuma ya taɓa shiga ya ciro samarin da suka fi Zailani iya iyo. Ba jirgi, ba igiya, ba mai kira.

Bilkisu tana bakin murhu tana ji. Da baƙon ya tafi ta zo ta tsaya, ba ta zauna ba.

"Malam, ni na haife shi, ban taɓa kiransa ba, kuma zan iya zama a haka har in koma ga Allah. Amma ba zan iya zaman makokinsa ina cewa wancan ba."

Washegari da hantsi Abarshi ya hau keke sai Dogarawa. A zaure ya sami Hamza, bayan gaisuwa ya ce a gaya wa na wajensa iska ta gyaru, ya zo tafki ranar Lahadi. Zailani yana tsaye a soro na ciki yana ji, ya amsa ta bakin Hamza cewa in zai zo, to a yi masa yadda ake yi wa kowa, in kuma za a sake ɗanɗana iska, gara ramin dutse. Hamza ya gyara zama ya ce wannan ai fitsara ce, ina aka taɓa ganin uba ya riƙe ɗan fari yana kiran sunansa a bainar jama'a, mahaifinsu har ya rasu bai taɓa kiran sunansa shi Hamza ba. Abarshi ya ce gaskiya ne Yaya, shi ya sa kuma bai taɓa saukar da kai rijiya ba, ya bar ka da mudu, ni na biyu ya ba ni igiya. Hamza bai taɓa tunanin abin ta nan ba. Can ya ce to Allah ya kyauta, amma tsofaffin Bomo za su cinye shi ɗanye. Abarshi ya ce su ci.

Zance ba ya kwana a Sabon Gari. Ranar Lahadi bakin tafkin ya cika kamar ana kasuwa, har da tsofaffin matan da ba su taɓa sayen waina ba, sun zo su ga ko da gaske zai yi. Bilkisu ta juya wa ruwan baya tana ta zuba ƙullu. Abarshi ya ɗanɗana tulunan a tudu gaban kowa, ya gyaɗa kai, aka tura jirgi. A tsakiya bai fara da kowa ba. Ya zaunar da saurayin gwiwa da gwiwa, ya kama hannuwansa, ya ji su da ɗumi, ba ɓari ko kaɗan. Ya ɗago ya dube shi. Tun yaron na cikin zane rabon da ya ga fuskar nan kusa haka, ashe har da tabo a girarsa da ba wanda ya taɓa gaya masa. Ka tuna mutumin bai iya magana a hankali ba.

"Zailani."

Sunan ya bi ruwa har tudu.

"Na'am."

"Ka karya?"

"Na karya."

"Ba mura, ba abin da ka sha?"

"Babu."

"Zuciyarka ta yarda?"

"Ta yarda, Baba."

Ya ɗaura igiyar, ya ja ƙullin ya sake ja, ya sake shi tare da Nwankwo. Ruwa ya rufe, sai kumfa ke tasowa. Abarshi ya riƙe mutane da yawa a igiyar nan, amma ranar ya san tsoro. Kowane motsi yana jinsa a tafin hannunsa, yaron ya kai ƙasa, ya tsaya, ya yi hagu, ya yi jan da ke nufin lafiya lau. Ransa yana ce masa ya jawo shi haka nan, ya isa, amma ya danne, don in ya rage masa ko kaɗan cikin lokacin da ake ba kowa, ya sake zubar masa da mutunci. Ya bar shi ya cika lokacinsa cif, sannan ya ba da alamar tasowa.

Kansa ya ɓullo, Abarshi ya kira. Shiru, yaron yana kokawar cire tiyo daga baki. Nan fa ya manta da kunya, ya manta da tsofaffi, ya ƙwala kiran da sai da belbelu suka tashi daga hayi. Zailani ya tofar da ruwa ya amsa yana dariya, da laka a dunƙule a hannunsa, ya ɗebo daga ƙasa don abokansa su gani. Uban ya jawo shi, ya lulluɓe shi, ya zuba masa shayi kamar kowane baƙo, yana jin alfaharin da ƙirjinsa ya kusa kasa ɗauka. A tudu kuwa waina ta ƙone ƙurmus a tanda, mai ita tana tsaye tana share ido da gefen mayafi.

Tsiya kam ya sha ta. Tsofaffin mata suka yi watanni suna kiransa mara ta-ido, wata ma in ta gan shi sai ta rufe fuska ta ce kada ya kira nata sunan. Wasu dattawa suka daina ba shi hannu na ɗan lokaci. Bai taɓa ba kowa haƙuri ba, kuma a tudu ya koma wa "na wajen Yaya" kamar ba a yi komai ba. Duk Lahadi kuwa har damina ta janye ruwa ya ja baya, Zailani yana zuwa, uban yana kira, har Nwankwo ya ce yaron ya fi shi natsuwa a ƙasa. Jirgin nan ya yi shekaru yana aiki kafin injin ɗura iska ya mutu, kuma ba uwar da ta taɓa kuka saboda shi. Da wannan mutanen Bomo ke tinƙaho in zancen Abarshi ya taso.

Legas ta kira Zailani da kaka. Uba ba ya raka ɗan fari, don haka Hamza da abokai ne suka kai shi tashar jirgin ƙasa a Sabon Gari. Ana dab da tashi sai ga Abarshi yana tura keke, wai ya zo PZ sayen igiya ne hanya ta biyo da shi. Ya tsaya jikin tagar da saurayin yake, yana duban taya, ya tambayi Hamza wa zai riƙa riƙe wa na wajensa igiya a can. Zailani ya ce an ce wani mutumin Kudu ne, ko "zo" bai sani ba da Hausa. Jirgi ya yi kuka, taragai suka motsa. Abarshi ya saki keken ya faɗi, ya kama ƙarfen tagar yana bin jirgin da sauri-sauri.

"Ka zaunar da shi ka koya masa sunanka har ya iya, Zailani. In bai iya ba, kada ka shiga."

"To, Baba."

Ya bi jirgin har ƙarshen dandamali, sannan ya dawo ya ɗaga kekensa. Hamza ya taya shi miƙe kan keken da ya karkace.